Wasiƙar da Na Goge a Shagon Anti Bose

Ba zan taɓa mantawa ba da yadda na kwashe kwana biyar ina fama, ina haɗa gumi, har da hawa bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, duk don in isar wa wata baiwar Allah da takardar da na ci mutuncinta a ciki. Ba wanda ya aike ni. Ni na rubuta, ni na kai, kuma sai da na tsaya na tabbatar ta isa lafiya. A shekarar 2009 ne, muna ajin ƙarshe a sashen nazarin kwamfuta, lokacin da nake ganin duk faɗin Samaru babu mai kai irin nawa.

Malamin da ke duba mana aikin kammala digiri (Dokta kawai muke ce masa) bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, ya dawo mana da sabon salo. Ya ce ya gaji da ɗalibai masu zuwa da filash suna rantsuwa wai ƙwayar cuta ta cinye musu aiki. Daga yanzu kowa zai ajiye aikinsa da wata manhaja mai suna Git. Aikinta shi ne ka nuna mata folda, ita kuma ta riƙe tarihin duk abin da ke ciki: me aka ƙara, me aka canza, wa ya canza, yaushe. Wannan ma'ajiya mu ripo muke ce mata. Uwar ripo tana zaune a kan wata babbar kwamfuta a ɗakin kwamfutocin sashenmu, kowa sai ya kwafo tasa zuwa laftof ɗinsa, wannan kwafowar ita ake kira kulon. Dokta ya ce duk Litinin ɗin ƙarshen wata zai buɗe ripon kowa ya ga mai aiki da mai bin ayari.

Ni abin ya yi min daɗi, don na riga kowa karanta bayaninta a kafen intanet. Abin da bai yi min daɗi ba shi ne rabon da aka yi mana biyu-biyu. Ina ta addu'a a haɗa ni da ɗaya daga cikin gwanayen ajinmu, sai na ji an kira sunana tare da na Anti Bose.

Anti Bose Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta ta fi tawa zaƙi. Ta ba wa arba'in baya, 'ya'yanta uku, tana da shagon buga takardu da fotokwafi a wani layi kusa da kasuwa. Laftof ɗinta kuwa idan ka ɗauka sai ka sauya hannu. Komai aka faɗa a aji sai ta rubuta a wani littafi mai bangon kwali, kuma ba ta jin kunyar ɗaga hannu ta ce a maimaita. Duk ajin mun san labarinta: sau biyu tana jingine karatu, na farko don haihuwa, na biyu don jinyar maigidanta, kuma wannan shekarar ce ta ƙarshe da dokar makaranta ta ba ta. Mun kuma san ƙa'idar Dokta, cewa idan aka raba abokan aiki, wanda aka cire sabon batu za a ba shi ya faro daga tushe shi kaɗai. Saura wata huɗu a lokacin. Ga mai shago da 'ya'ya uku, wannan daidai yake da a ce mata ta tattara ta koma gida.

Duk na san wannan, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Amma bayan mako biyu muna aikinmu, wato manhajar tsara jadawalin jarrabawa, haƙurina ya ƙare. Ina bayani tana cewa, “Tsaya ƙanena, bari in rubuta.” Ƙarfe uku na yi sai ta kama haɗa jaka, wai za ta ɗauko yara. Wata Laraba na koma ɗaki raina a ɓace, na buɗe laftof na zauna na tsara wa Dokta wasiƙa. Na ce a raba ni da ita. Na ce tana ja min baya, ba ta iya komai ba sai buga takarda, kuma a ganina ta shigo jami'a ne don ta kashe lokaci. Na zuba Turanci iya Turanci (har ƙamus na buɗe don in samo kalmar da ta fi zafi). Na sa wa fayil ɗin suna ƙarara, da sunanta a jiki, na ajiye a babbar foldar da nake tara komai nawa. Ban kai ba. Ba don tausayi ba, Dokta ne ya yi tafiya a makon, ni kuma na ce bari ya dawo.

A wannan makon ne na kafa mana ripo. Ana buɗe wata baƙar taga ne a rubuta umarni, kuma sharaɗin farko shi ne ka tabbatar kana cikin foldar aikin kafin ka ce wa Git ta fara. Ni da na fi ƙarfin dubawa, ina cikin babbar foldar nan tawa na buga umarnin. Sannan na ce mata ta tattara duk abin da ke wurin ta riƙe. Sunayen fayiloli suka riƙa gudu a kan allo ba ƙaƙƙautawa, ni kuma na jingina da kujera na harɗe hannu, ina satar kallon na kusa da ni ko ya ga irin aikin da manya ke yi. Ko layi ɗaya ban karanta ba.

Ranar Talata Anti Bose ta zo da laftof ɗinta ɗakin kwamfuta don ta yi kulon. Ta buɗe littafinta, ta kwafi adireshin da na ba ta harafi bayan harafi, ta danna. Na'ura ta ce babu ripo a wannan adireshi.

“Anti, ai sai kin kula,” na ce mata da muryar malamai. “Wannan ba kamar buga takardar gayyatar biki ba ne.”

Ta juyo min da littafin. Rubutun hannuna ne a wurin, ni na rubuta mata, kuma ni na tsallake sunan folda guda a tsakiya. Na yi gyaran murya na ce ai dama gwada ta nake yi.

Muka gyara adireshi, sai na'ura ta ce ba ta da izinin shiga. Ita babbar kwamfutar ba ta buɗe wa kowa sai wanda ta san makullinsa, wani dogon rubutu da kowace laftof ke haɗa nata, a kai wa malamin da ke kula da ɗakin ya shigar. Na je na same shi ina huci, na ce bai shigar da na Anti ba. Mutumin ya duba a natse ya ce makullai biyu na kawo masa, kuma duka biyun na laftof ɗina ne. Ranar haka muka tashi, ƙarfe uku ta yi.

Laraba aka shigar da makullinta. Ta danna, abu ya tafi sumul, na fara murmushi. Sai ga gargaɗi wai abin da ta kwafo fanko ne, babu komai a ciki. Nan ma na so in ɗora wa laftof ɗinta laifi, na ce tsufa ne. Ita ce ta buɗa littafinta ta karanto min abin da Dokta ya faɗa a aji, cewa ajiyewa a na'urarka daban, turawa uwar ripo daban.

“Ka tura kuwa, ƙanena?”

Ban tura ba. Mako guda ina ta ajiya a cikin laftof ɗina ina zaton duniya na gani. Na ce mata yanzu zan tura, minti biyu ne. Sai da na je na yi sallar azahar na dawo, ita kuma ta ci biredinta ta karkaɗe siket, abu bai gama tafiya ba.

Alhamis da Juma'a kuma wata sabuwa ta ɓullo. Kulon zai fara, ya yi nisa, sai ya tsinke. Sau ɗaya wuta aka ɗauke, sauran kuwa layin sadarwar makaranta ne ke gajiya a hanya. A nan ne Anti Bose ta yi tambayar da ya kamata ta farkar da ni.

“Ni fa ban gane ba. Aikin namu fayil nawa ne? Ko ashirin bai kai ba. Me ya sa yake da nauyi kamar ana jan buhun masara?”

Na yi dariya irin ta wanda ya sani. Na ce mata ai tarihi ke da nauyi. Na ce wannan abu ba ya mantuwa, ko ka goge fayil yana nan a cikinsa, shi ya sa manyan kamfanonin duniya ke ji da shi. Ta gyaɗa kai ta rubuta a littafinta (ni da na faɗa ban rubuta a ko'ina ba, har da cikin kaina).

Da na ga layin makaranta ba zai kai mu ba, sai dabara ta zo min. Na kwashe ripon gaba ɗaya a filash, na ce ranar Asabar zan kawo mata har shago mu yi kulon daga jikinsa. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta sa min albarka. Ni kuma a zuciyata lissafi nake: idan na kai wasiƙa Dokta ya tambaya, zan ce babu irin ƙoƙarin da ban yi da ita ba.

Asabar da hantsi na hau bas, muka bi ta Palladan ana ta sauke mutane ana ɗauka, na sauka na ƙarasa da ƙafa. Shagon ɗan ƙarami ne, injin fotokwafi ya cinye rabinsa, ga ƙamshin takarda mai ɗumi. Ta share min kujerarta ta aiki, ta kunna min fanka. Na soka filash, na buga umarni, cikin ɗan lokaci abu ya kammala ba ko tari. Na ce, “Anti, an gama.” Daidai nan wani mutum ya shigo da takardun makarantar 'yarsa, ta ce in ba ta minti biyar, ta juya wajen injin.

Na buɗe foldar don in yaba aikina. Maimakon fayilolinmu da ba su kai ashirin ba, sai na ga rayuwata gaba ɗaya a baje. Ga waƙoƙin da na tara tun aji ɗaya. Ga hotunan da na ɗauka a situdiyo da kwat ɗin aro, hannu a haɓa. Ga takardar neman aiki da na fara rubutawa, inda na kira kaina ƙwararre. Can ƙasa kuma, tsakanin wata waƙa da wani hoto, ga wasiƙar, da sunan Anti Bose ɓaro-ɓaro a jikinta, a cikin laftof ɗin Anti Bose, a kan teburin Anti Bose.

Fanka na kaɗawa amma zufa ta keto min har cikin takalmi. Na waiga, ta ba ni baya tana jera takardu. Nan take na goge fayil ɗin, na buga umarnin ajiye canji, na rufe tagar. Duka bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Da ta dawo na riga na daidaita fuska. Ta ga hotunan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kwat ɗin ya yi min yawa a kafaɗa. Na ce kuskure ne kaɗan, zan share tarkacen daga baya. Na saita mata adireshin uwar ripo, ta kawo min lemo mai sanyi, na sha ina jin kaina kamar wanda mota ta kusa kaɗewa ya tsallake. A bas ɗin komawa har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa.

Makon da ya biyo baya shi ne ya fara karya min girman kai. Akwai matsalar da ta hana ni sakat tun farkon aikin: manhajarmu tana haɗa wa ɗalibi mai maimaita kwas jarrabawa biyu a lokaci guda. Na yi ta juya lissafi ban ga bakin zaren ba. Ranar Talata na jawo sabon abin da ke uwar ripo, sai na ga Anti Bose ta tura gyara. Ta sake tsarin teburan bayanan gaba ɗaya, ta ware rajistar kowane ɗalibi daban da ajinsa. Na gwada, karon jarrabawar ya ɓace. Da na tambaye ta yadda aka yi, ta ce kafin ta buɗe shago ta yi shekara tara tana tsara jadawalin ma'aikata a wata masana'anta a Chikaji, kuma a can idan ka haɗa wa mutum aiki biyu a lokaci guda, har gida zai biyo ka.

Kwana huɗu muka yi muna aiki kafaɗa da kafaɗa. Tana ce min ƙanena kamar kullum, ranar Alhamis ma ta kawo min cincin a leda. Na fara jin kunyar abin da na rubuta, amma kunya mai sauƙi, irin wadda kake ji kai kaɗai ka san ba wanda ya gani. Har godiya na yi wa Allah da Dokta ya yi tafiya. Ranar Juma'a da za ta tafi ta ce in leƙo shago gobe, akwai abin da za ta nuna min.

Na je da fara'ata. Na tarar ta rufe ƙofa rabi, alamar ba ta karɓar aiki. Ta ce in fara zuwa masallacin bayan layi in yi azahar, ga buta nan ta cika min. Da na dawo ta ajiye min amala da miyar ayoyo, ta zauna tana kallona har na cinye na wanke hannu. Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da farar ambulan ta ajiye a gabana. An buga sunan Dokta a bayanta, tsaf, irin bugun masu sana'a.

“Ranar Lahadi da na dawo daga coci,” in ji ta, “na ce bari in gwada duba tarihin nan da Dokta ya koya mana. Sai na ga an rubuta wai ni Bose na goge fayil ranar Asabar. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, na ɓata wa yaron nan aiki da hannuna ban sani ba.”

Laftof ɗinta ce, sunanta ne a kai. Duk abin da aka ajiye daga cikinta da sunanta yake fita, kuma ni na saita hakan da kaina.

“Na buɗe littafina, na ga inda ka ce ko an goge abu yana nan. Na bi a hankali har na dawo da shi. Na yi murna fa, ƙanena. Na ce Litinin zan ba ka mamaki.” Ta dubi ambulan ɗin. “Sai na ga sunana a kai.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai ba haka nake nufi ba (wasiƙa shafi ɗaya da rabi, da ƙamus a gefe, amma ba haka nake nufi ba). Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ba da faɗa ba.

“Wani wajen gaskiya ka faɗa. Ina da nawa wajen aiki, na sani. Kan nawa ba irin naku ba ne, sai na rubuta nake riƙewa. Ƙarfe uku kuma dole in tafi, ba mai ɗauko min yara. Amma ka ce na zo kashe lokaci.” Ta gyara zaman ɗankwalinta. “Ni ba ni da lokacin da zan kashe. Wannan kaɗai ne ya yi min ciwo.”

Tun Lahadi ta sani. Ta san da wannan ta gyara mana teburan bayanai, ta san da wannan ta soya min cincin. Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba, kuma ba zagi ne ya ƙanƙantar da ni ba, kirki ne. Hawaye suka cika min ido, ni da ke ganin kuka aikin yara ne.

Ta turo min ambulan ɗin. Ta ce wasiƙar ce a ciki, ta buga min ne don idan har zan kai, in kai da hannuna, ido da ido, kada Dokta ya tsince ta a cikin ripo kamar abin da aka jefar. Sai a lokacin ɗaya gaskiyar ta faɗo min: wasiƙar tana cikin uwar ripo, jibi kuma Litinin ɗin ƙarshen wata. Ko na kai ko ban kai ba, idan Dokta ya buɗe tarihi ya ga an goge fayil mai sunan ɗaliba, zai duba, kuma mutum ne da ba ya wasa da irin wannan ƙorafi.

“Anti, wallahi ba zan kai ba. Ki yafe min. Amma yadda za a cire ta daga tarihin ne ban sani ba.”

Wannan ne karo na farko da na ce ban sani ba a gabanta. Ta kalle ni, har ta ɗan murmusa. Ta jawo littafin mai bangon kwali, ta lashi yatsa ta yi ta buɗawa har ta kai wani shafi. A darasin farko Dokta ya faɗa (ina wajen, ina hira a baya) cewa wanda ya kafa ripo a inda bai dace ba, hanya mafi sauƙi ita ce ya cire ɓoyayyar foldar da Git ke tara tarihi a ciki, ya shiga foldar da ta dace ya sake kafawa, a share tsohuwar daga babbar kwamfuta. Aikin ba zai ɓace ba. Tarihin ne zai tafi.

Tarihin nan kuwa shi ne abin alfaharina. Sunana ne jere a ciki sama da na kowa a ajin, har da canje-canjen da na riƙa ajiyewa ɗaya-ɗaya don layin ya yi tsawo. Anti ta ce in yi tunani, don Dokta zai tambaya ina aikin wata guda ya shiga. Na ce ba sai na yi tunani ba. A teburin nan muka kafa sabuwa, ita ke karantowa daga littafi ni ina bugawa, kuma sai da ta sa na karanta mata sunan foldar da muke ciki da ƙarfi kafin in danna komai. Fayil goma sha bakwai ne suka shiga. Ambulan ɗin na yayyaga ta a gabanta, ta miƙo min kwandon shara.

Litinin da sassafe na tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta kafin a buɗe. Malamin ɗakin ya share tsohuwar ya buɗe mana sabuwa, yana tambayata ko wannan karon makulli nawa na kawo. Na tura aikin, Anti ta iso ta yi kulon a gabana, kafin in gama gyara zama ya kammala.

Ƙarfe goma Dokta ya haska ripon kowa a bango. Da aka zo kan tamu, layi ɗaya tak ya bayyana, mai kwanan watan shekaranjiya. Ya cire tabarau ya tambayi ina tarihin wata guda. Na miƙe na faɗa wa ajin da na saba yi wa iyayi cewa a foldar da ba ita ba na kafa ripo, na kwashe kayana na kaina na tura, dole muka rushe. Dariya ta ɓarke, wani daga baya ya ce, “Injiniya da kansa.” Dokta ya ce zai rage mana maki na wannan watan, sannan ya tambaya wanne daga cikinmu ya jawo wannan sakaci.

Kafin in buɗe baki Anti Bose ta miƙe.

“Mu biyu ne, Dokta. Tare muke aikin.”

Ya dube mu ya ce ko akwai wata matsala a tsakaninmu da ya kamata ya sani. Na ce babu, kuma ban taɓa faɗin gaskiya da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Da muka fito na sake ba ta haƙuri a bakin matakala. Ta ce ya wuce tun ranar Asabar, in daina, kuma in riƙe mata laftof ɗin nan ta ɗaura igiyar takalmi. Na riƙe, na kuma kai mata har bakin titi inda take hawa bas.

Tare muka kare aikin a gaban malamai, tare muka ga sunayenmu a allon sakamako. Ranar ta rungume 'ya'yanta tana kuka, ni kuma na tsaya gefe ina tuna cewa saura ƙiris in hana ta wannan ranar saboda ta ce in tsaya ta rubuta.

Yanzu ni ke koya wa sababbin ma'aikata wannan aiki a inda nake. Duk wanda zai kafa ripo, sai na tsaya a kansa ya karanta min sunan foldar da yake ciki da ƙarfi, ya kuma karanta jerin fayilolin ɗaya bayan ɗaya kafin ya tura. Idan kuma wani ya zo min da ƙorafin abokin aikinsa a rubuce, nakan ce ya je ya fara karanta wa mutumin a fuskarsa, in ya iya sai ya dawo. Su a zatonsu tsabar ƙwarewa ce da sanin makamar shugabanci, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.